Gyaran tsofaffin kayan katako a gida: in zuba jarina ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da zannuwan gado da labule a gida, a nan Zariya. Kwanakin baya na goge tsohuwar durowar mahaifiyata na sake mata fenti, duk wadda ta shigo sai ta tambayi inda muka saye ta. Ina da Naira 150,000 a ajiye. Shin in riƙa sayen tsofaffin kayan ɗaki a hannun dillalai, ina gyarawa ina sayarwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa nema albarka. Sana'ar tana ci, amma ni dai ba zan ce ki fara da saye ba. Ki fara da gyaran na mutane.

Matan nan da ke yaba durowar, kowacce tana da gado ko madubi ko teburin da ya koɗe a ɗakinta. Ki ce musu kina gyarawa. Mai kaya ta kawo, ku yi ciniki, ta ba da kuɗin kayan aiki tun farko, ladan hannunki kuma in an gama. Ta haka hannunki zai faɗa, ki san kalar da ake so, ki gane kwana nawa kowane aiki ke ci, jarinki kuma yana nan bai motsa ba. Durowa ɗaya da kika yi wa Hajiya Babba cikin nishaɗi ba ta isa ta nuna miki wahalar aikin ba.

In kin yi kamar guda goma kika ga da ci gaba, sai ki taɓa saye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. A nan ne ake asara, domin ribar wannan harka tun a wajen saye ake samunta. Tsohon kaya iri biyu ne. Akwai na katakon asali, irin su maɗaci da loko, wanda in kin ɗaga za ki ji nauyi, in kin goge da samfefa ƙwayar icen ta fito. Akwai kuma na allon MDF, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi, wanda ya cika ɗakunan amare a yanzu. Shi wannan da ruwa ya taɓa ƙasansa sai ya kumbura ya riƙa marmashewa, ƙusa ba ta kama shi, fenti ba ya ceto shi. Ko kyauta aka ba ki, kuɗin dako kawai za ki yi asara. Ki juya kayan ki duba baya da ƙafafu, ki ƙwanƙwasa. In kin ji holoƙo, ko kin ga ƙananan huji da gari na zubowa, gara ko ƙwaro sun riga ki. Kada ki shigo da shi gida ma, ya je ya lalata miki naki.

Sai lissafi. A ce kin sayi durowa Naira 30,000, dako zuwa da kaiwa 8,000, samfefa da gam da fenti da tina (ruwan tsinka fenti) da sababbin mariƙai 15,000, kafintan da ya ɗaure ƙafa ya gyara ƙofa 7,000. Kin kashe 60,000. In kika sayar 75,000 za ki ce kin ci 15,000, alhali kwana huɗu kika yi kina guga, ta kuma yi wata biyu tana tare miki tsakar gida. Da wannan 60,000 ɗin sau nawa za ki juya zannuwan gado a wata biyu? Ki saka wa kwanakinki kuɗi kafin ki yanka farashi. Shi ya sa ƙananan kaya suka fi: teburin tsakiya, durowar gefen gado, kujera 'yar tsugunne. A Daidaita Sahu ɗaya ya ɗauke su, kuma suna saurin fita.

Wajen aikin, guga ita ce kan gaba. Ki fara da samfefa mai kaushi lamba 80, ki koma 120, ki ƙarasa da 220, kina bin tsawon icen. Ramuka ki cike su da garin katako kwaɓe da gam. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, damina kuma tana jinkirta bushewa, don haka kada ki yi wa kowa alkawarin gobe. Ki rufe hanci, ki kuma nisanta yara, saboda wasu tsofaffin fentin suna da gubar dalma, ga warin tina a rufaffen ɗaki yana hawa kai.

Kasuwarki tana buɗewa ne gab da azumi da bayan salla, lokacin da bukukuwa ke yawa, iyaye na neman kayan jere da sauƙi. Ki ɗauki hoton kowane kaya kafin gyara da bayansa ki ɗora a WhatsApp. Mai saye kuma ki gaya mata tsoho ne aka gyara, ki nuna mata inda aka cike da inda aka sauya. Fenti yana rufe aibi na ɗan lokaci, amma ranar da ƙafar gado ta karye a ɗakin amarya, duk dangi za su san a hannun wa aka saya, kuma su ne dai masu sayen zannuwanki.