Ma'anar "penny wise and pound foolish"

Ɗan'uwa, ka ce maigidanka ya jefe ka da "penny wise and pound foolish" bayan ka sayo baƙin mai mai araha, kana tambaya ko zagi ne. Bai kai zagi ba, amma faɗa ne.

Daga kuɗin Ingila maganar ta samo asali: "penny" shi ne kwabo, "pound" kuma fam. Kafin 1971, kwabo 12 ne sule guda, sule 20 kuma fam guda, wato kwabo 240 a fam ɗaya. Da irin wannan lissafin aka yi ciniki a Najeriya kafin zuwan naira a 1973, tambayi dattawa. Ana nufin mai ƙwauron kwabo alhali fam na zurarewa ta bayansa. Ka rage 'yan canji a kuɗin mai, inji ya buga, gyara ya cinye ninkin-ba-ninkin abin da ka rage. Mu sai mu ce garin neman gira an rasa ido.

Akan faɗe ta ga mutum, ko kamfani, ko hukumar da ta ƙi cike ramin hanya har sai da ta lalace. Sharaɗin shi ne rowa ce ta jawo asarar, ba mantuwa ko tsautsayi ba. Kuma kada ka faɗa wa na gaba da kai, akwai gatse a ciki.