Kafin ka turo kuɗin gona a bakin kogi

Wani ɗan'uwa mai aiki a Saudiyya ya rubuto yana neman shawara. Yayansa yana matsa masa ya turo abin da ya tara a saya masa gona a gefen Kogin Neja, domin a cewarsa damina ta yi kyau shekara uku a jere, zamanin fari kuma ya wuce.

Malam, Allah ya sa albarka a guminka. Maganar yayanka tana da ƙamshin gaskiya, amma shekara uku ba ta isa hujja ba, domin masana sai sun haɗa lissafin shekara 30 kafin su ce ga halin yanayin wuri. Yankin wannan kogi ya samu wadatar ruwa a shekarun 1950 da 1960, sannan fari ya biyo baya, mafi muni a 1972 zuwa 1973 da kuma 1983 zuwa 1984, har kogin ya daina gudu a Yamai a 1985. Tun shekarun 1990 ruwan sama ya farfaɗo, sai dai ba da halinsa na da ya dawo ba. Yanzu yakan sauko kamar da bakin ƙwarya cikin 'yan sa'o'i, sannan ya ɗauke kwanaki har shuka ta fara murɗe ganye, ga zafi da ya ƙaru, musamman da bazara da kuma cikin dare, yana tsotse damshin ƙasa da wuri.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da gonar bakin kogi shi ne ambaliya. Ƙasar da aka sare itatuwanta takan daskare ta ƙi shan ruwa, sai ya kwarare cikin kogi gaba ɗaya, kamar yadda mutanen Yamai suka gani a 2012 da 2020. Kuma ruwan da zai ci gonarka ba lallai ne a kanta ya sauka ba, tunda kogin daga tsaunukan Gini ya taso, sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru kuwa ya tsananta ambaliyar 2012 da 2022 a Najeriya ta hanyar Kogin Binuwai da ke zuba cikin Kogin Neja.

Saboda haka kada ka biya da rani. Ka tura wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya je a watan Satumba, ya ɗauko maka bidiyon filin, ya duba shaidar laka a jikin itatuwa, ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi cika. Ka nemi bayanan ruwan yankin daga NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, idan a Najeriya gonar take, ko cibiyar nazarin yanayi da harkar noma ta AGRHYMET da ke Yamai. Idan filin ya gamsar da kai, a rubuta takardar ciniki da sunanka, a gaban shaidu, a aiko maka da hotonta kafin ka cika sauran kuɗin.