Faifan sola uku, kwantirola ɗaya, ga hunturu na tafe

Tambaya: Malam, daga Jos nake. Na sayi faifan sola uku masu wat 550, a bayan kowanne an rubuta Voc 49.5V (wato ƙarfin wutar faifan in ba a jona masa komai ba). Kwantirolar MPPT (na'urar da ke daidaita cajin batir daga faifan) da nake son saya iyakarta 150V. Mai shago ya ce in haɗa su a jere, jimla 148.5V, wai ba a kai iyaka ba. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Lissafin mai shago bai yi kuskure ba, sai dai ya manta da sanyin garinku.

Wannan 49.5V da ke jikin takardar bayan faifan, an auna shi ne a zafin digiri 25. Shi kuwa faifan sola, da ya yi sanyi sai ƙarfin wutarsa ya hau, wajen kashi 0.3 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya da aka sauka. Ka ɗauka safiyar Janairu ce a Jos, sanyi ya kai digiri 10, faifan ya kwana a kan kwano yana shan iska, sai rana ta leƙo. A wannan lokacin 148.5V ɗinka ya koma kusan 155V. Kwantirola na iya ƙonewa in aka wuce iyakarta ko na ɗan lokaci, kuma yawancin kamfanoni ba sa karɓar wadda ta ƙone ta wannan hanya. Abin takaicin, tana iya yin aiki lafiya lau tun daga bazara har kaka, mai shago ya riga ya ci kuɗinsa.

Ni da ni ne, faifai na huɗu zan ƙaro. Ka haɗa biyu-biyu a jere, sannan ka haɗe layukan biyu, ja da ja, baƙi da baƙi. Ko a sanyin digiri 10 ba za ka wuce 104V ba. Amma ka duba ko amfiyan kwantirolar zai ɗauki wat 2200 a kan batirinka. In kuma rufin ba wuri, nemi mai ɗaukar 250V, ta fi tsada amma ukun za su zauna a jere.

Tambaya: Wanne ake fara jonawa, faifai ko batir?

Amsa: Batir. Da shi kwantirola ke gane ko tsarin na 12V ne, 24V ko 48V. In za ka kwance kuma, faifai ake fara cirewa. Ka sa bireka ta DC tsakanin faifan da kwantirolar, ba irin ta wutar NEPA ba.