Amsa ga mai tambaya kan ciwon gwiwa da ɗaga ƙarfe

Ƙanena, wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce in ka wuce kilomita 15 a guje gwiwa ta kama ciwo, ƙafafu su mutu, kuma kana tsoron ɗaga ƙarfe kada jiki ya yi maka nauyi. Ni ma wannan tsoron aka cusa mini.

Mai horas da mu a lokacin cewa yake ƙarfe na ƴan kokowa ne, mai gudu ba ruwansa da shi. In na ce gwiwata, sai ya ƙara mini zagaye. Ranar da abin ya kwaɓe muna gudun kilomita 21, mun tsallake gadar Kennedy ta Yamai mun shiga unguwar Harobanda, sai ƙafar hagu ta ƙi takawa. Na zauna bakin kwalta, numfashina lafiya lau, ƙafa ce kawai ta ƙi. Ya iso bisa babur, ko sauka bai yi ba, a gaban yara ƙanana ya ce ragwanci ne. Ɗan kabu-kabu ne ya kai ni gida. Ko sannu bai aiko mini ba. Har gobe muna gaisawa, amma maganar nan tana cina a rai, don na san yaran da yake faɗa wa haka yanzu.

Likita ce ta fahimtar da ni cewa kowane taku a guje yana ɗora wa ƙafa ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki. In naman ƙugu da na cinya ba su da ƙarfi, gwiwa ke ɗaukar wahalar.

Ka ɗaga ƙarfe, don Allah. Sau 2 a sati ya isa. Tsuguno da kaya a kafaɗa, mai nauyi sosai, sau 5 ko 6 ka huta, ka maimaita sau 3. Wannan ƙarfi yake ƙarawa, ba ya kumbura mai yawan gudu. In babu kuɗin gidan ƙarfe, bido mai lita 20 cike da ruwa kilo 20 ne. Ka riƙa yi da ƙafa ɗaya ma, ka taka benci ka sauka, ka yi ɗage a bakin matakala saboda agara. Amma ka fara da jikinka zalla tukuna, don jijiya ba ta saurin ƙarfi kamar nama, watanni take ɗauka.

Tsalle-tsalle da gudun tudu na daƙiƙa 10 kuwa, kada ka fara su sai ciwon ya lafa. Matakalan filin wasa na Seyni Kountché sun wadatar. Kada ka haɗa ƙarfe mai nauyi da jajiberin dogon gudu.

Kuma ka ci abinci! Wake, ƙwai, fura da nono. Da zafin Afrilu na Yamai, in ba bayan asuba ba kada ka fita. Takalmin gwanjo ma ka duba ƙasansa kafin ka biya, wani ya riga ya cinye ta gefe ɗaya.

In gwiwar na kumbura ko tana hana ka barci, ajiye komai ka ga likita. Wanda duk ya ce maka ragwanci ne, kada ka saurare shi. Allah ya ba ka lafiya.