Tambaya da Amsa: Hajiya ta ce sai an kai ta garin da ke cikin ruwa

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ƙanina yana karatu a jami'ar Padova a Italiya, zai gama a watan Yuli, ni da mahaifiyarmu za mu je bikin in sha Allah, biza ma ta fito. To Hajiya tunda ta ga hoton Benis a waya ta kafe lallai sai an kai ta, ga shi tana fama da ciwon gwiwa. Yini ɗaya zai ishe mu? Kuma ya batun abinci da sallah? Daga 'yar uwarku a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya alheri a karatun. Yini ɗaya ya isa, kuma kun ma yi dace don daga Padova jirgin ƙasa kamar rabin awa ne. Ki dai lura, a allo Venezia za ki ga an rubuta, kuma tasha biyu ce, akwai Mestre akwai Santa Lucia. Kar ku sauka a Mestre, wannan tudu ce, ku zauna har jirgin ya haye ruwa ya kai ƙarshen layi. In tikitin takarda kuka yanka ku buga shi a ɗan injin da ke tasha kafin ku shiga, in ba haka ba tara ce kuma mai duba tikiti ba ruwansa da wai ku baƙi ne.

Gwiwar Hajiya ita ce babbar magana. Garin nan ba mota ba babur ba keke, tsibirai ne sama da 100 aka haɗa da gadoji sama da 400 kuma kusan kowace gada matakala ce, a hau a sauka, a ɗan yi gaba a sake hawa, saurayi ma kafin la'asar ya fara neman wurin zama balle dattijuwa. Saboda haka kar ki biye wa taswirar waya da za ta ce miki minti 30 ne a ƙafa zuwa San Marco, babban filin garin. Kuna fitowa tasha ga jirgin ruwan haya nan a gabanku, vaporetto suke ce masa, shi ne bas ɗin garin. Ku hau lamba 1, yana bin babban mashigin ruwan da ya ratsa gari a hankali yana tsayawa ko'ina, Hajiya na zaune za ta ga gidajen attajiran da, ta wuce ta ƙarƙashin gadar Rialto da aka gama tun 1591. Tikitin hawa ɗaya yuro 9.50 ne, na yini guda kuma 25, kin ga in za ku hau sau uku na yinin ya fi sauƙi.

Shi kuwa gondola, baƙin kwalekwalen nan na hoto, wajen yuro 90 ne rabin awa da rana, kuɗin kwalekwale ne ba na kai ba, mutum biyar yake ɗauka. Yana da daɗi amma shiga da fitarsa sai da lanƙwasa gwiwa kuma yana rawa, ni dai da uwata ce sai in tsaya da ita a kan gada ta kalla.

Akwai kuma kuɗin shiga gari da suka fara karɓa a 2024, yuro 5 a wasu ranakun cunkoso ga masu zuwa su koma a ranar, a intanet ake biya, wanda ya makara kuma yana iya biyan ninki. Ki sa ƙanin naki ya duba ranar tun da wuri. Ku kauce wa Asabar da Lahadi ta uku a Yuli, bikin Redentore ake yi, ba masaka tsinke.

Abinci kam ku riƙe kifi. Kalmomin da za ki haddace su ne maiale, prosciutto, pancetta, salame da strutto, duk alade ne ko kitsensa, sannan ki tambaya ko an zuba vino a girkin don shinkafarsu ta risotto yawanci da giya ake farawa. Kar ku zauna shan shayi a filin San Marco, kuɗin kiɗan da ake yi ma sai an ɗora muku, ku shiga lungu biyu uku baya farashi ya sauko. Coperto da za ki gani a takardar kuɗi ba cuta ba ce, kuɗin zama ne a tebur. Ruwan famfunan kan titi mai kyau ne kuma kyauta, ki riƙe gora. An hana ba tattabaru abinci tun 2008, ki gaya wa Hajiya, na san halin iyayenmu da tausayi.

Masallatai suna can tudu wajen Mestre da Marghera, don haka ku fito da alwala da ƙaramar darduma, a unguwar Cannaregio ko Castello ana samun fili shiru. In za ku leƙa cocin San Marco ku ga zanen zinare, dokarsu a rufe kafaɗa da gwiwa, mayafinku ya riga ya gama wannan. Jaka kuma a gaba, 'yan sane sun fi son cikin vaporetto. Tsaraba ki sayo mata duwatsun wuya na gilashin Murano, tun 1291 aka mayar da masu narka gilashi tsibirin saboda tsoron gobara, kuma irin duwatsun nan fatake sun daɗe suna shigo da su Afirka ta Yamma. Mai arha sosai dai yawanci ba na can ba ne.

TAMBAYA: Anti wai da gaske garin nan nutsewa yake yi? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Yana nutsewa ɗana, amma a hankali ƙwarai, teku kuma na tasowa. Ambaliyar tasu an fi yinta daga kaka zuwa hunturu, a Nuwamban 2019 ruwa ya kai santimita 187 sama da matsayin teku na yau da kullum, wanda ya fi shi sai na 1966 mai 194. Tun Oktoban 2020 suna da wasu manyan ƙofofin ƙarfe da ake kira MOSE, kwance suke a ƙasan ruwa a bakin teku, in an hango babbar igiyar ruwa sai a hura musu iska su miƙe su tare ta. Filin San Marco shi ya fi ko'ina kwari, shi ke fara jiƙewa.