Shin jiragen ruwan yawon shaƙatawa za su ci gaba da ƙara girma?

Ana tambaya ko za a ƙera jirgin da ya fi jirgin Icon of the Seas girma, mai tsawon kusan mita 365, wanda ya fara aiki a 2024. Za a iya, amma da ƙyar a zarce shi da yawa.

Matsalar tana bakin tasha. Jirgin kan ɗauki fasinjoji har 7,600, kuma ba kowace tasha ke da zurfi da filin juyawa da zai karɓe shi ba. Tun 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Benis, birnin da ke kan ruwa.

Sai tankokin iskar gas da sababbin jiragen ke amfani da ita a matsayin makamashi: dole a riƙe ta cikin sanyin digiri 162 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius don ta zauna kamar ruwa, tankokin kuma sun fi na dizal cin wuri. Shi ya sa ake ƙara faɗi da yawan hawan bene maimakon tsawo daga gaba zuwa baya.