Kafin ki buɗe adakar Yaya

'Yata, saƙonki ya same ni bayan la'asar. Kin ce ɗakin mahaifiyarki ya cika maƙil, gara ta fara cin gindin adaka, kina tambaya ko al'ada ta yarda a fitar da kayan tun ba a yi sadakar arba'in ba, da kuma yadda za ki yi da allunanta da takardun da ke cikin gafaka. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya kai haske kabarinta.

Maganar arba'in kada ta ɗaure miki kai. Al'ada ce muka taras, kunya ce ta sa ba a son a ga ana kwasar kaya tun masu gaisuwa ba su ɗauke ƙafa ba. Abin da ya ɗaure ki shi ne gado. Daga ranar da ta cika, ko allurar da ke ɗakin nan ba taki ba ce ke kaɗai. A fara biyan bashi, ki tambayi matan adashinta ko akwai zubin da ya rage. Sai wasiyya in ta bari, wadda ba ta wuce sulusi. Bayan nan malami ya raba muku kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Na ga gidan da zumunci ya tsinke a kan fanteka guda, don babbar 'ya ta bayar sadaka ba ta shawarci ƙannenta ba. Niyyarta kyakkyawa ce, amma da hakkin wasu ta yi.

Alluna ki wanke su a tsabtataccen kwano, ki zuba ruwan a gindin bishiya inda ƙafa ba ta takawa, ki kai su makarantar allo. Almajiri na nan da ke jiran allo. Takardun da suka yage kuwa, in da a nan Garwa ne sai in ce ki ɗaure su da dutse a kai kogin Binuwai. Ku a Marwa, kogin Mayo Kaliyawo yashi ne zalla in rani ya yi, don haka ki naɗe su a ƙyalle mai tsabta ki binne, ko ki ƙone ki binne tokar. Kada ƙonawar ta ba ki tsoro, Sayyidina Usman ma ya sa an ƙone sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa Mus'hafi. Shara ce kawai ban yarda su gani ba.

In an raba, rabonki na atamfofi ki zaɓi masu kyau ki bayar, tsummokara a yi goge-goge da su. Ki ajiye zani ɗaya mai ƙanshinta da carbinta, sun isa. Langa 30 a cikin kabat, ban ga wanda suke amfana ba sai kyankyaso.

Da tsohuwarmu ta rasu, haka muka yi ni da uwarki. Jerenta duk akwai ɗigon jan fenti 3 a gindi, shaidar da take yi don kada su ɓace a gidan biki. Nawa rabon na ba wata maƙwabciya da za ta aurar da 'ya, ba ta da ko tasa. Na manta da zancen.

An fi shekara 20, ina tashar jirgin ƙasa a Ngaundare, ina jiran jirgin dare zuwa Yawunde, yunwa ta sa na tsaya wurin wata mai shinkafa da wake. Ta kife murfin langa, sai ga ɗigo 3. Na yi mata Fulatanci, ta amsa da Hausa. Ashe amaryar nan ce, aure ya kai ta can, kuma da wannan langar ta fara sana'a. Ta riƙe hannuna tana kuka tana dariya, ta ƙi karɓar ko sefa ɗaya, har ta ƙulla mini guzuri. Da na ba uwarki labari, cewa ta yi ai tata langar ta fi tawa kyau, ita ma da ta sani da ta bayar.

Ki duba can ƙasan kabat, ina jin tana nan. Ki gaida maigidan da yara.

Innarki ta Garwa